Masu gida a bakin ƙofa

Fam ɗari da hamsin na ware tun a Wapa, ranar da na yi canji. Na sa su a ambulan daban, na rubuta "ƙwallo" a bayanta, don kada uwargida ta lissafa da su cikin kuɗin tsaraba. Dalilin tafiyar dai bikin kammala digiri na biyu ne na ɗan yayata a Manchester, kuma shi na rubuta a takardar neman biza. Amma 'yan majalisarmu sun san abin da ke raina. Shekara ashirin da biyar ke nan ina kallon gasar Firimiya, tun 1999 da Kanu ya koma Arsenal ya ja mu da yawa muka bi shi, ban taɓa ganin ciyawar filin ba sai ta gilashin talabijin. Da na je sallama da mai gidan kallon unguwarmu, cewa ya yi, "Alhaji, in ka shiga ka riƙa ɗaga hularka, za mu neme ka a kyamara."

Ƙarshen Nuwamban 2024 na sauka. Sanyi ne irin wanda ke shiga ta tafin ƙafa, ga rana ba ta da haƙuri, kafin ƙarfe huɗu an yi Magariba. Yaron yana zaune a ɗaki ɗaya a saman wani shagon aski, kuma abin da na fara gani a bango hoton Old Trafford ne, filin Manchester United. Tun yana firamare yake United, mun sha faɗa da shi a kan haka. Na ce to, sau nawa ka shiga? Sai ya yi dariya yana zuba mini shayi. Shekara ɗaya da wata uku a garin, ko sau ɗaya bai shiga ba.

"Kawu, zauna in yi maka lissafi."

Ɗalibi baƙo awa ashirin doka ta ba shi ya yi aiki a mako. Shi a wani sito yake, yana ɗaukar kwalaye, ana biyansa fam 11.44 a awa, mafi ƙarancin albashin ƙasar a lokacin. Kwanaki kaɗan kafin zuwana kulob ɗin ya sanar da cewa duk tikitin da ya rage na wasannin kakar ya koma fam 66, babu rangwamen yara, babu na 'yan fansho. Da can babba yana iya samu daga fam 40, yaro daga 25. Kafin ma ka kai ga layin sayen, sai ka fara yankar katin zama memba, shi ma da kuɗinsa. Ya ce, "Kusan awa shida ke nan ina ɗaukar kwali, don minti casa'in." Ni kuma a zuci na juya shi zuwa namu. Fam ya haura naira dubu biyu a makon, wato kujera ɗaya ta wuce naira dubu ɗari da talatin, kusan albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci a Kano. Na taɓa aljihuna na ji ambulan tana nan. Ta isa mu biyu, har da canjin sayen burodi.

Ranar Lahadi 1 ga Disamba United za ta karɓi Everton. Muka ce bari mu je ko da gani ne, tunda gani ya kori ji. Mun shiga jirgin ƙasan cikin gari, wannan mai launin rawaya da ke bin titi tare da motoci, ya cika maƙil da jajayen riguna. Daga tasha zuwa filin, ƙamshin albasa da ake soyawa ne ke yi maka jagora. Masu tebura sun jera ƙyallayen wuya, wasu rabi ja rabi shuɗi, da sunayen ƙungiyoyin biyu da kwanan wata. Yaron ya ce ɗan gari ba ya saya, na baƙi ne. Na mayar da hannuna aljihu, don saura kaɗan in taya.

A gaban filin, wajen gunkin tsofaffin 'yan wasan United uku, Best da Law da Charlton, mutane sun yi dandazo. Na ɗauka layin shiga ne. Ashe zanga-zanga ce. Sun ɗaga wani dogon ƙyalle da ke cewa a daina ci da gumin masu riƙe amana, kuma abin da ya ba ni mamaki, har da masu shuɗin kaya a cikinsu, mutanen Everton, waɗanda nan da awa ɗaya za su koma zagin juna. Suna waƙa suna ambaton 66, suna haɗawa da wasu kalmomi da ba zan iya rubutawa ba. An ce a ranar ma an yi irinta a Anfield, inda Liverpool ke karɓar Manchester City. 'Yan sanda na gefe a kan dawakai, ba wanda ya ɗaga kulki.

Kusa da ni akwai wani dattijo, zai kai saba'in, da jikansa ɗan shekara tara ko goma sanye da hular ulu har ido. Shi ya fara yi mini magana, ganin hulata. Da na ce Najeriya sai ya ce, "Ighalo!", ɗan ƙasarmu da ya taɓa buga wa United, ya miƙo hannu. Ya ce shi mahaifinsa ne ya fara kawo shi, suna tsayawa a bayan raga a ɓangaren Stretford End, ana biya da silalla a ƙofa, yara ƙanana ma wani lokaci ɗaga su ake yi a tsallakar. Shi yana da tikitin shekara, don haka ƙarin bai taɓa shi ba tukuna. Jikan ne matsalar. Uba mai 'ya'ya biyu yanzu sai ya ajiye fam 198 kafin kuɗin mota. Ya ce idan yaro bai saba da filin yana ƙarami ba, wa zai cika kujerun nan bayan sun mutu? Sannan ya dube ni, ba tare da wani ɓacin rai ba, ya ce ai irina suke so. Mutumin da zai zo sau ɗaya a rayuwarsa, ya biya ko nawa ne bai yi ƙorafi ba, ya shiga kantin kulob ya sayi riga da kofi, ya koma gida yana godiya. Shi kuwa da ya shekara sittin yana zuwa, da burodinsa a aljihu yake shiga, kwabo ba sa ƙara samu a jikinsa.

Na rasa abin faɗa. Da ambulan a ƙirjina nake tsaye, kuma dalilin da ya sa na ɗaure ta ke nan, in biya ko nawa ne.

Ba a jima ba wani saurayi ya matso yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata, wai yana da guda biyu. Kuɗin da ya faɗa ya ninka ambulan tawa. Ɗan yayata ya ja ni gefe. Tun 1994 doka ta hana sayar da tikitin ƙwallo a bayan fage, kuma yanzu da tikitin ya koma cikin waya, sai ka biya ka je ƙofa na'ura ta ƙi ka, mutumin ya ɓace. Muka bar shi. Kafin ƙarfe ɗaya da rabi filin ya haɗiye mutum dubu saba'in da wani abu, waje ya yi tsit, sai mu da masu shara da masu naɗe ƙyallaye.

Mun zauna a kan wani dakali. Bayan kamar rabin awa, sai wata ƙara ta taso daga cikin ginin, irin wadda kake ji a ƙashin haƙarƙari kafin kunne. An ci. Amma wa ya ci? Muna kallon juna sai wayata ta yi ƙara. Daga Kano ne, zauren majalisarmu na WhatsApp: "Rashford ne! Alhaji kana ina, ba mu gan ka ba." Su da ke nesa da dubban kilomitoci sun ga ƙwallon, sun ga maimaici ta kusurwa uku, ni da zan iya jifan bangon da dutse sai da suka faɗa mini. Sau huɗu aka yi wannan ƙarar a ranar, Rashford biyu, Zirkzee biyu, kuma duk daga Kano na ji sunayen. Na ɗauki hoton bango na tura musu. Abin da suka mayar mini ba sai na faɗa ba.

Da dare muka yi musu. Yaron ya ce laifin 'yan wasa ne, albashinsu ne ya jawo. Ni ma da haka na ɗauka, kuma ba sabon zance ba ne. A ƙarshen 1999 Roy Keane, kyaftin ɗin United na lokacin, ya sa hannu a kwantiragin fam 52,000 a mako, abin da ya girgiza Ingila a lokacin. Da kulob ɗin ya tashi ƙara kuɗin tikiti, sai ya aika wa magoya baya wasiƙa yana kafa hujja da albashin nasa, shi kuma ya fusata. Shi ne dai daga baya, a 2000, ya caccaki 'yan kallon da ke zama a ɗakunan alfarma suna cin burodi da jatan lande, ba su san me ake yi a fili ba. Gaskiya ne albashi yana cinye kusan kashi biyu cikin uku na abin da ƙungiyoyin Firimiya ke samu. Sai dai in ka duba ta ina kuɗin ke shigowa, lissafin yaron ba ya tsayawa da ƙafarsa. A 1992 da aka kafa gasar, fam miliyan 304 aka sayar da haƙƙin nunawa na shekara biyar. Na 2016 zuwa 2019 ya haura biliyan biyar a shekara uku. Wanda aka ƙulla na 2025 zuwa 2029 biliyan 6.7 ne, kuma wannan na cikin Birtaniya kaɗai ne, ban da na ƙasashen waje, wanda yanzu ya zarce na gida. A cikin na wajen nan akwai ɗari biyu-biyun da muke miƙawa a ƙofar gidan kallo, ta hannu da hannu har su isa. Kuɗin ƙofar fili, in aka haɗa ƙungiyoyin duka, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Cire wa yaro da tsoho rangwame ba zai biya albashin ɗan wasan gaba ko na wata biyu ba.

A United ma akwai abin da ya fi albashi ciwo. Iyalan Glazer, Amurkawa, sun sayi kulob ɗin a 2005 a kan kusan fam miliyan 790, yawancinsa rance, suka kuma ɗora bashin a wuyan kulob ɗin da a da ba a bin sa. Kamar mutum ya sayi gidanka da bashi, ya ce 'yan haya su biya. An ƙiyasta abin da ya fita ta hanyar kuɗin ruwa da ribar masu hannun jari da sauransu ya haura fam biliyan ɗaya, ga rufin filin yana yoyo in an yi ruwan kirki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yaron ya ce duk da haka in aka rage albashi sai a samu sauƙi. Na ce wa ya faɗa maka rarar aljihunka za ta zo? Muka kwana a haka.

Tsakiyar mako na tafi Liverpool ni kaɗai, jirgi bai kai awa ɗaya ba. Na fara tsayawa na yi Azahar a masallacin Abdullah Quilliam da ke Brougham Terrace, wanda wani lauya ɗan garin da ya musulunta ya buɗe a 1889, sannan na hau bas zuwa Anfield. A talabijin ba a nuna maka unguwar. Filin ya taso ne a tsakiyar ƙananan gidajen jan bulo masu jingine da juna, kamar giwa a cikin garken awaki, kuma unguwar tana cikin mafiya talauci a Ingila. An rushe layukan gidaje kafin a faɗaɗa babbar rumfar da aka buɗe a 2016. Daura da Kop, rumfar magoya bayan Liverpool ta bayan raga, akwai gidan burodi da mutanen unguwa suka haɗu suka mallaka bayan masu shi na asali sun rufe. A nan na sha shayi. Matar da ke sayarwa ta ce ranar wasa akwai motar da ke tsayawa a waje, magoya bayan Liverpool da na Everton ne suka haɗa ta tun 2015, mai shiga kallo ya ajiye gwangwanin wake ko taliya don masu kwana da yunwa. Taku kaɗan daga inda ake biyan mutum dubban ɗaruruwa a mako.

Na daɗe a gaban allon tunawa da mutanen Hillsborough. Suna 97 ne, kowanne da shekarunsa a gefe, da wuta tana ci a tsakiya ba ta mutuwa. Ƙaraminsu ɗan shekara goma ne, ɗan'uwan Steven Gerrard. Ranar 15 ga Afrilun 1989 suka je Sheffield kallon wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Nottingham Forest, aka matse su a bayan shingen ƙarfe. Sai a 2016 kotun bincike ta tabbatar da cewa ba laifinsu ba ne, sakacin hukuma ne. Labarin tsadar tikiti daga nan ya ɗauko hanya. Alƙalin da ya yi bincike, Taylor, ya ba da shawara a 1990 cewa a daina tsayuwa, kowa ya samu kujera, ya kuma ja kunne cewa kada kujerar ta fi ƙarfin aljihun masu tsayuwar. An ɗauki rabin maganarsa aka bar rabi. A kakar 1989 zuwa 1990, da fam huɗu kana tsayawa a Kop, a Old Trafford ma uku da rabi.

Wani mai gadi da ya ga na daɗe ya zo muka yi hira, shi ya tuna mini da abin da na kalla da idona a Kano ban fahimta ba. Ranar 6 ga Fabrairun 2016, Liverpool tana cin Sunderland biyu da nema, kocinsu Klopp ma ba ya nan, yana asibiti an cire masa tsiron hanji. Minti na 77 yana cika mutum wajen dubu goma suka miƙe suka fice, saboda masu kulob sun ce kujera mafi tsada za ta tashi daga fam 59 zuwa 77. Na tuna a gidan kallo muna ta cewa Turawan nan ba su da hankali, ana ci kuna tafiya? Bayan fitarsu Sunderland ta farke duka biyun, aka tashi biyu da biyu. Kwana huɗu tsakani masu kulob ɗin suka fito daga Amurka da wasiƙar ban haƙuri, suka janye. Wata guda bayan haka ƙungiyoyin Firimiya suka amince kada tikitin baƙi masu bin ƙungiyarsu waje ya wuce fam 30, kuma har zuwana yana nan a haka. Mai gadin ya ce shi yana cikin waɗanda suka fita, kuma fitar ta fi masa wuya fiye da biyan kuɗin. Yanzu yana aiki a jikin filin, yana jin ihu ta bayan ƙofa kamar yadda na ji.

Wata Asabar na gyara zama ƙarfe uku saura, na ce a kunna mana wasa. Yaron ya ce babu. Na ce katinku ne ya ƙare? Ya ce ko Sarki Charles ne ba zai gani ba. A Ingila ba a nuna ƙwallo kai tsaye ranar Asabar daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata, tsohuwar ƙa'ida ce tun shekarun 1960. A daidai lokacin, bayan La'asar agogon gida, mai gidan kallonmu yana da talabijin uku kowacce da nata wasan. Baturen da aka haifa a bayan filin, tikiti ya fi ƙarfinsa, ya biya kuɗin tashoshi biyu ko uku, kuma duk da haka ba zai ga abin da ɗan acaɓa ke gani da kuɗin kofin shayi ba. Hikimar dai ita ce kada mutane su zauna a gida su bar ƙananan ƙungiyoyi ba 'yan kallo. Mai askin ƙasanmu, ɗan Pakistan haifaffen garin, shi ya ce in dai ƙwallo nake son gani da idona, mu je Moston.

A can FC United take, ƙungiyar da magoya bayan United suka kafa a 2005 don fushin sayen Glazer. Suka fara daga can ƙasan tsani, lokacin zuwana suna mataki na bakwai. Tashar da muka sauka sunanta Newton Heath da Moston, kuma a Newton Heath ɗin ne ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa ita kanta Manchester United a 1878. Failsworth, inda Jim Ratcliffe ya tashi a gidan gwamnati na talakawa, tana nan maƙwabtaka. Shi ne attajirin da ya sayi sama da kashi ɗaya cikin huɗu na United a farkon 2024, a zamaninsa aka kawo fam 66, shi kuma yana zaune a Monako.

Filin nasu, Broadhurst Park, bai kai cin mutum dubu biyar ba, da kuɗin karo-karo na membobi aka tada babban kaso na ginin, aka buɗe a 2015. A ƙofa na buɗe ambulan a karon farko. Mu biyu, da shayi, da soyayyen dankali, da ɗan littafin wasan, ban kashe fam hamsin ba. Rigarsu ja ce, babu sunan kamfani a ƙirji. Kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi, kuma su ke zama su yanke kuɗin shiga. Muka tsaya a bayan raga, a tsaye, kafaɗa da kafaɗa.

Kada in yi ƙarya, ƙwallon ba ta kai wadda na saba gani ba. Akwai ɗan bayan da sau uku yana ɗaga ta sama kamar mai korar shaho, kuma na ga Pillars ta buga abin da ya fi haka a Ƙofar Mata. 'Yan wasan da yawa suna da wasu ayyukan da suke yi da rana. Amma kana jin ƙarar takalmi a jikin ƙwallo, kana jin mai tsaron gida yana yi wa 'yan bayansa tsawa da sunayensu, kana ganin tururi na tashi daga kawunansu. Waƙa kuwa tun kafin a busa har aka tashi ba su yi shiru ba, tsofaffi da matasa, mata da yara suna guje-guje a tsakanin ƙafafu ba mai hana su. Wani mai farin gemu kusa da ni, da ya ga haƙorana na haɗuwa, ya cire ƙyallen wuyansa ya naɗa mini ba tare da ya daina waƙar ba. Da aka tashi na miƙa masa, ya ce in riƙe. Ɗan yayata da ya zo yana ɗaga hanci, wai ƙwallon 'yan unguwa, sai ga shi ya shaƙe murya. Ya tambayi mutumin ko ya daina son United. Ya ce ina, ana daina son uwa? Gidan ne kawai ya daina zuwa, shekara goma sha tara ke nan. A raina na ce mu muna kirari da "sai masu gida", ga masu gida nan an bar su a waje sun gina rumfa.

Kwana biyun ƙarshe a Landan na yi su. Na je Emirates, filin Arsenal, na zagaya, na ɗauki hoto da gunkin Henry. A nan ne magoya bayan Bayern Munich suka ƙi shiga na minti biyar na farko a 2015 saboda fam 64, su da suka saba da arha a Jamus, inda doka ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun membobi. Na tsaya ina kallon ƙofofin, kuma in faɗi gaskiya, da wani ya fito a lokacin da tikiti na halal, da na juye masa abin da ya rage a ambulan har in ƙara da kuɗin turaren uwargida. Duk da dattijon Old Trafford, duk da mai ƙyallen wuya. Masu sa farashin sun san da wannan, sun fi ni sanin zuciyata.

Washegari na bi ta lambun Bishops Park a gefen kogin Thames zuwa Craven Cottage, filin Fulham, saboda 'yan Najeriya Iwobi da Bassey. Ba ranar wasa ba ce. Tsohuwar rumfar jan bulo ta 1905 tana nan da kujerun katako, a gabanta gunkin Johnny Haynes, hannu a ƙugu. Har zuwa 1961 doka ta hana a biya ɗan ƙwallo sama da fam 20 a mako a Ingila, sai da Jimmy Hill, shi ma ɗan Fulham, ya ja 'yan wasa suka yi barazanar yajin aiki aka soke ta. Haynes ne ya fara karɓar fam 100. Ban ga laifinsu ba. Filaye na cika da mutum dubu hamsin, sittin, mai buga ƙwallon yana komawa gida a bas, kuɗin yana wajen wasu. Ta ɗaya gefen, a bakin ruwa, sabuwar rumfa ce ta gilashi, inda tikitin shekara ya kai fam 3,000, kuma a 2023 aka sayar da kujerar wasa ɗaya da United a kan fam 160. Da aka tambayi Ratcliffe dalilin ƙarinsa a cikin makonnin da nake can, da Fulham ɗin ya kafa hujja, wai bai dace kallon United ya fi kallon Fulham arha ba. Kowa yana leƙen allon maƙwabcinsa, kamar 'yan kasuwar hatsi.

Fam ɗarin da ya rage na bar wa yaron ya cika kuɗin haya. Bayan na dawo da 'yan makonni Haaland ya sa hannu a kwantiragin da zai kai shi 2034 a City, jaridu suka ce kusan fam 500,000 a mako. Yaron ya turo mini lissafi da dare: da awa ashirin ɗinsa, sai ya shekara arba'in da biyu yana ɗaukar kwali kafin ya haɗa na mako ɗaya.

Asabar ɗin farko na je gidan kallo da ƙyallen a wuyana, ko da yake hunturun Kano bai kai a sa shi ba. Tun daga bakin layi aka fara yi mini tsiya, wai na je har bakin rijiya na dawo da ƙishi. Na ce na shiga fili, suka ce wanne, na faɗa, aka kwashe da dariya, wani ya ce ko a wasan kwamfuta bai taɓa jin sunansu ba. Na miƙa wa mai gidan ɗari biyu, ya ƙi karɓa, ya nuna mini allo da haɓa. An goge biyun an rubuta uku, alli bai gama bushewa a kan tsohon ba. Ya ce, "Alhaji, kati ya tashi, man janareta ya tashi, ni ma ba da son raina ba." Na cika masa, na ba shi littafin wasan FC United tsaraba. Ya jujjuya shi, ya nemo ƙusa ya kafe shi a gefen allon, sannan ya fita korar yaran da ke leƙe ta hujin kwano.